The Hospital ko Britannia Hospital: wanne ya cancanci kuɗinka?

Cutar tara faifan fim a wurina ƙanina ya kwashe ta, don haka ba ni da bakin yi masa faɗa. Tun ina sakandare nake zarya Ƙofar Wambai neman kaset, aka koma CD na bi, yanzu da kowa ya koma kallo a waya ni ina nan ina kaɗe ƙura a kan kwalaye. Shi da ya gama karatun likita sai sha'awarsa ta maƙale a wani ɗan lungu guda: finafinan barkwanci da ake yi a kan asibiti, irin waɗanda za ka tuntsire da dariya, kafin ka rufe baki kunya ta kama ka, don abin da ya ba ka dariyar gawa ce a kan gado. Kwanakin baya ya turo mini saƙo da tsakar dare, yana bakin aiki: "Yaya, abokina zai taso daga Landan. Kuɗina na faifai ɗaya ne, in na matse biyu. The Hospital ko Britannia Hospital?" Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta ta, ko wani mai irin wannan lalura zai amfana.

Na fara da The Hospital, fim ɗin Amurka na 1971. Arthur Hiller ne ya ba da umarni, amma kowa ya san fim ɗin na marubucinsa ne, Paddy Chayefsky, wanda har muryarsa ce ke buɗe labarin. Da shi ya ci kyautar Oscar ta rubutu, ta biyu cikin uku da ya samu, tsakanin ta fim ɗin Marty da ta Network. George C. Scott ne ya fito a Dakta Herbert Bock, shugaban sashen likitoci na wani babban asibitin koyarwa a Niyok. Aurensa ya mutu, 'ya'yansa sun watse, ya rungumi kwalba, yana ta saƙa yadda zai kashe kansa. Abin mamaki, shekara guda kafin nan Scott ya ƙi karɓar Oscar da aka ba shi a fim ɗin Patton, amma duk da wannan tsiyar sai da aka sake sa sunansa a takara saboda Bock.

Yadda labarin ya buɗe shi ne ma'aunin fim ɗin gaba ɗaya. An kawo wani tsoho, aka yi kuskuren gane ciwonsa, aka ba shi maganin da bai dace ba, ya cika. Gadonsa ya zama babu kowa. Wani ƙaramin likita ya ga banza ta faɗi, ya mai da gadon wurin ganawa da budurwarsa da dare, barci ya kwashe shi a nan. Nas ɗin dare ta zo, ta ga mutum a kwance a gadon da takarda ta ce akwai majinyaci, ta yi aikinta. Da safe aka tarar da likita ya mutu da robar ƙarin ruwa a hannu. Daga nan ma'aikata suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya: wani likita ya ƙare a sashen gaggawa yana jiran a kula shi, wata nas aka ɗauke ta a matsayin wata majinyaciya aka shiga da ita tiyatar da ba tata ba. Akwai mai hannu a ciki, ba zan faɗi ko wane ne ba. Dabararsa dai ita ce ba ya kisa da hannunsa. Yana ɗaukar ma'aikacin asibiti ya ajiye shi a mazaunin mara lafiya, ya ja gefe, asibitin ya ƙarasa sauran.

Wurin da ba na mantawa shi ne wata mata daga ofishin kuɗi da ke bin marasa lafiya a sashen gaggawa da takarda da biro, tana tambayar lambar inshora, har ta tsaya a kan wanda ya riga ya mutu tana ƙorafin ya ƙi ba ta amsa. Duk wanda aka taɓa ce wa "je ka yanki kati tukuna" alhali ɗan'uwansa na kwance a benci zai gane matar nan tun kafin ta buɗe baki.

Ƙarfin fim ɗin a magana yake. Chayefsky mutum ne mai son dogon jawabi, Scott kuwa ya iya ɗaukar jawabin shafi guda ya yi ta kwararo shi kamar wanda ake yanka. Wannan ne kuma matsalarsa ga mai kallo a nan: idan Turancinka na makaranta ne kawai, ba tare da rubutun fassara a ƙasan hoto ba rabin daɗin zai wuce ka, don ana zuba kalmomin likitanci da gudu. Ga ƙanina wannan riba ce. Akwai kuma wani wuri da ya tsufa mummunan tsufa, daren da Bock ya afka wa Barbara, wadda Diana Rigg ta fito a matsayinta, fim ɗin kuma ya wayi gari yana nuna abin kamar shi ne maganin da ya warkar da shi, har soyayya ta biyo baya. Na kalli fim ɗin ya fi sau biyar, ban taɓa wuce wurin nan ba tare da raina ya ɓaci ba. Fim mai wa'azi a kan cin amanar mara ƙarfi bai ga wannan cin amanar ba.

Britannia Hospital wata dabba ce daban. Lindsay Anderson ya yi shi a 1982, David Sherwin ya rubuta, kuma shi ne na uku a jerin finafinan da Malcolm McDowell ya fito a Mick Travis, bayan if.... na 1968 da O Lucky Man! na 1973. Labarin kwana ɗaya ne. Asibitin na bikin cika shekara 500, uwar Sarauniya za ta zo buɗe sabon gini, ma'aikata suna yajin aiki, masu zanga-zanga sun tare ƙofa, bam ya tashi a gari. Fim ɗin ya fara da motar asibiti da 'yan yajin aiki suka bari ta shige da ƙyar. Aka sauke tsoho a kan gadon turawa, masu karɓarsa suka duba agogo, suka tafi abinsu, ya mutu a wurin ba mai ko waiwayowa.

Anderson bai bar kowa ba. Masu dafa abinci sun ƙi yi wa majinyatan ɓangaren masu kuɗi karin kumallo, wato irin abin da muke kira aminiti, kuma wannan ba ƙirƙira ba ce: a 1974 an yi irin wannan rigima a asibitin Charing Cross na Landan a kan gadajen masu biya a cikin asibitin gwamnati. Amma shugaban ƙungiyar da ke kumfar baki, da aka yi masa alƙawarin karramawa da kujera a teburin manya, nan take ya sauko. Jami'in gudanarwa, wanda Leonard Rossiter ya fito a matsayinsa, mutum ne da zai iya kisa don kada jadawalin biki ya karkace. Ita kanta babbar baƙuwar sai da aka shigo da ita a motar asibiti kamar wadda bam ya rutsa da ita. A can sabon ginin kuma Farfesa Millar, wanda Graham Crowden ya taka, yana harhaɗa sabon mutum daga sassan gawarwaki. Akwai inda ya jefa ƙwaƙwalwar mutum a injin markaɗe a gaban kyamara, ya zuba a kofi. Kada ka kunna shi kana cin tuwo.

Tambayar da fim ɗin ke yi game da amanar likita ta bambanta da ta Chayefsky. A The Hospital likitoci sun gaji, tsari ya fi ƙarfinsu, mutum yana ɓacewa a tsakanin takardu. Millar kuwa bai gaji ba ko kaɗan. Yana da kuɗin bincike, yana da na'urori, yana da tabbacin cewa shi ne zai ceci ɗan Adam, saboda haka majinyacin da ya ƙi mutuwa a kan lokaci cikas ne kawai. Ƙarshen fim ɗin, inda ya tara sarakai da 'yan zanga-zanga a zaure guda ya nuna musu abin da ya kira magajin ɗan Adam, ƙwaƙwalwa ce tsirara a jikin inji tana karanto baitin wasan Hamlet na Shakespeare har ta maƙale a layi ɗaya tana maimaitawa, yau ya fi tsoratarwa fiye da lokacin da aka yi shi.

Sai dai akwai abin da mai kallo ɗan Afirka zai haɗiye da ƙyar. Wanda masu zanga-zangar suka zo dominsa wani shugaban Afirka ne mai kama-karya, Shugaba Ngami, da ke jinya a ɓangaren masu kuɗi, kuma an zana shi a matsayin mai cin naman mutane. A bayyane yake inuwar Idi Amin da Bokassa ce, waɗanda aka tumɓuke su duka a 1979. Rabin zanen ya taɓa gaskiyar da muka sani, ta shugaban da ya bar asibitocin ƙasarsa ya tafi Landan ganin likita. Ɗaya rabin tsohuwar tatsuniyar Turawa ce a kan baƙar fata, kuma cewa fim ɗin ya zagi kowa bai wanke shi ba.

A matsayin fim, ba na jayayya: The Hospital ya fi. Ya fi tsari, minti 103 ne ba kitse, kuma akwai mutum guda a tsakiyarsa da za ka damu da shi. Britannia Hospital ya kusa awa biyu, wani wurin ihu ne kawai, wasu barkwancin kuma sai wanda ya san yadda Ingilishi ke auna darajar mutum da lafazinsa zai kama su. Amma ƙanina bai tambaye ni wanne ya fi kyau ba. Ya tambayi wanne zai saya, kuma mai tara faifai yana da nasa lissafin.

Abin da ke jan masu tarawa ga irin waɗannan finafinai shi ne ba su da gida. Mai neman dariya yana ganin sun yi ɗaci, mai neman fim mai nauyi yana ganin sun yi wasa, gidajen talabijin ba sa son su, manhajojin kallo kuma yau su sa gobe su cire. Sai ƙananan kamfanoni su sayi izini, su gyara hoton, su buga 'yan dubbai, in sun ƙare shi ke nan. Britannia Hospital ya fito a watan Mayun 1982, ana tsakiyar yaƙin Falkland da Ajantina, lokacin da Birtaniya ke cikin zazzaɓin kishin ƙasa. Fim da ya mai da ƙasar asibitin mahaukata bai zo a sa'a ba. Masu sharhi na gida suka yi masa ca, ya faɗi a kasuwa. Irin wannan tarihin shi ne zumar masu tarawa: fim ɗin da aka yi wa rashin adalci, kai kuma kana cikin 'yan kaɗan da suka ajiye shi. The Hospital bai sha wannan wahala ba. Ya ci kyauta a bikin finafinai na Berlin na 1972, an sa shi a kundin adana finafinan Amurka a 1995. Mantawa kawai aka yi da shi, Network ya rufe shi.

Ga yadda faifan suke. Kamfanin Twilight Time na Amurka ya buga The Hospital a Blu-ray, wato faifan da ya fi DVD kyan hoto, kuma al'adarsu kwafi 3,000 suke bugawa su tsaya. Kamfanin ya sanar da rufewa a 2020, bayan rasuwar Nick Redman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi. Saboda haka yau a hannun 'yan kasuwa za ka sami wannan bugun, su kuma kalmar "ya ƙare" ita ce jarinsu. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: Twilight Time sun fi shahara da ware kiɗan fim a saurare shi shi kaɗai, da ɗan siririn littafi na sharhi. Sannan ga haɗari. Fim ɗin kamfanin United Artists ne, yana rumbun kamfanin MGM, wanda Amazon ta saya a 2022. Fim mai irin wannan uban gida ba ya ɓata, kuma finafinai da dama da Twilight Time ta taɓa bugawa wasu kamfanoni sun sake fito da su, farashin tsohon bugu ya zube. Wanda ya saya da tsada don yana zaton ajiyar zinariya ce zai iya wayar gari da azurfa.

Britannia Hospital kuwa kamfanin Indicator na Ingila ne suka buga shi a 2020. Su mutane ne masu cika kwali: hirarraki da waɗanda suka yi aikin, bayanan tarihi, da littafi mai kauri a bugun farko. In bugun farko ya ƙare sukan fito da na gama-gari, faifai iri ɗaya amma babu littafin, kuma ya fi araha. Fim irin wannan yana bukatar rakiyar nan. Wanda bai san yajin aikin hunturun 1978 zuwa 1979 ba, bai san abin da hukumar lafiya ta NHS da aka kafa a 1948 take nufi ga Baturen Ingila ba, zai ga hauka ne zalla. Da bayanin a hannu sai haukan ya zama tarihi.

Sai maganar da ta fi shafar mu, wadda 'yan kasuwar intanet ba za su gaya maka ba: kullen yanki, wato a hana faifai aiki sai a na'urar yankin da aka buga shi dominsa. An raba duniya uku a Blu-ray. Amurka tana A, Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya suna B. Faifan Ingila ɗan gida ne a na'urar da aka saya a Kano ko Yamai ko Dubai. Na Amurka sai ka juya bayan kwali ka duba harafin, wasu a buɗe suke wasu a kulle. Idan da PlayStation kake kallo, tuna cewa a wajen fim tana bin yankin da aka sayo ta, don haka wadda aka kawo maka tsaraba daga Amurka za ta iya ƙin faifan Landan. A DVD kuma yawancin Afirka yanki na 5 ne, Turai na 2, Amurka na 1, kodayake ƙananan na'urorin da ke kasuwanninmu ban taɓa ganin wadda ta ƙi cin wani faifai ba. Na taɓa biyan kuɗi mai ciwo a kan wani fim da aka ce bugun asali ne, da ya iso na juya cikinsa na ga shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, alamar an ƙona shi ne a kwamfuta. Bugun masana'anta na DVD cikinsa ruwan azurfa ne. Wanda aka ƙona ba ya jure zafinmu, nawa bai ga damina biyu ba.

Tunda ya ce in ya matse zai iya biyu, sai na kawo masa wasu da bai ambata ba. Critical Care na 1997 Sidney Lumet ne ya yi shi, shi ne kuma daraktan Network, don haka jinin Chayefsky na gudana a ciki. Bahaushe ne ya kamata ya raɗa masa suna, don rigimar gado biyu ce: gadon da wani attajiri ke kwance a kai cikin doguwar suma, da gadon da 'ya'yansa mata biyu ke jira. Ɗaya tana so a cire na'ura, ɗaya tana so a bar ta, kowacce da hujjarta ta tausayi, kuma kowacce lissafin dukiya take yi. James Spader ne ƙaramin likitan da suka sa a tsakiya, Helen Mirren nas, Albert Brooks kuma tsohon likita mashayi wanda ya manta komai ban da wane majinyaci ne ke da cikakkiyar inshora. Duk inda Brooks ya bayyana fim ɗin na tashi, inda ya fita sai ya koma wa'azi. Tsohon DVD ɗinsa ba abin ado ba ne. A saya in an tsince shi da araha. Haka The National Health na 1973, wanda shi ma Indicator suka buga: ya fi duk sauran laushi, ɗakin maza marasa lafiya ne ana gwama shi da wasan soyayyar likitoci na talabijin.

Wanda na fi so ya gani shi ne The Death of Mr. Lazarescu, fim ɗin Romaniya na 2005 na Cristi Puiu, wanda ya ci kyautar Un Certain Regard a bikin finafinai na Cannes. Tsoho ne mai zaman kaɗaici da kyanwoyinsa uku a Bukares, kansa na ciwo yana amai, ya kira motar asibiti. Dare guda ana yawo da shi asibiti huɗu. An yi haɗarin bas, ko'ina a cike, kowane likita ya sunsuni warin giya sai ya fara da faɗa. Ma'aikaciyar motar, wadda Luminița Gheorghiu ta fito a matsayinta, ita kaɗai ta ƙi sakinsa, ita ce kuma kowa ke wulaƙantawa don ba likita ba ce. A asibiti na biyu an gano jini ya taru a kansa, sai an yi tiyata, amma da aka kai shi na uku ya riga ya rikice ba ya iya sa hannu a takardar amincewa. Likitocin suka fake da wannan suka sallame shi. Dokar da aka kafa don kare mara lafiya ita aka mai da ƙofar korarsa, kuma ban san wani fim da ya nuna wannan da kyau haka ba. Labarin ya samo tushe daga wani abu da ya faru da gaske a birnin a 1997. Awa biyu da rabi ne, kyamara a kafaɗa, dariyarsa irin murmushin nan ne da ya fi kuka ciwo. Kamfanin Tartan da ya buga DVD ɗinsa ya durƙushe a 2008, amma kwafin hannu na biyu na yawo a Ingila.

Abin da na ce wa ƙanina shi ne ya sayi Britannia Hospital na Indicator, mai littafi in farashin bai yi hauka ba, na gama-gari in ya yi. Mai kawowa daga Landan yake, faifan na yankinmu ne, kuma shi ne fim ɗin da kwalinsa ke ƙara masa wani abu. Canjin da ya rage a nemo masa Lazarescu ko da kwalin ya fashe. The Hospital ya zo ya ara a wurina, ya jira ranar da wani kamfani zai sake buga shi. Da a ce mutum ba mai tarawa ba ne, fim ɗaya kawai yake so ya kalla ya more, da The Hospital zan miƙa masa ba tare da dogon bayani ba. Na kuma ja masa kunne cewa babu ɗaya a cikinsu da ake kunnawa a falo Hajiya na zaune.

Ya amsa da asuba, bayan ya gama zagayen ɗaki: "Yaya, na ji. Amma naka ɗin nan, in na ara sai yaushe zan dawo da shi?" Faifaina uku suna wurinsa tun bara.